Farfesa Latunde Odeku, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa na farko a Najeriya, maƙwabcin Sabon Badun



Mutumin da na kawo muku tarihinsa yau Bayarabe ne, ya rasu tun 1974, kuma na san wani zai ce to me ya haɗa mu da shi. Ku ɗan yi mini haƙuri ku ji dalili.

Watannin baya wani ɗan yayata da ke sana'ar acaɓa a wajen Mararaba, nan bakin Abuja, ya faɗi da babur. Da kansa ya tashi, ya kakkaɓe jiki, ya ɗaga mashin, har ya yi wa waɗanda suka taru godiya. Ko ɗigon jini babu, sai ɗan kumburi a gefen kai, saman kunne. Ya koma ɗaki ya ce zai ɗan kishingiɗa. Kafin la'asar ya fara amai. Zuwa magariba ana kiran sunansa ba ya amsawa, sai gurnani. Abokan kwanansa suka sungume shi zuwa wani asibiti a cikin Abuja, aka yi hoton kai, aka ga jini ya taru tsakanin ƙoƙon kai da fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa, yana danne ta. A daren aka shiga da shi ɗakin tiyata. Aka ciro wani ɗan faifan ƙashi, aka kwashe gudajin jinin, aka toshe jijiyar da ta fashe, aka mayar da ƙashin mazauninsa. Bayan kwana goma ga shi zaune yana shan kunu, yana tambayar inda aka ajiye masa babur.

Muna hira da matashin likitan da ke duba shi na tambaye shi, wai wa ya fara wannan aiki a ƙasar nan? Bai ko tsaya tunani ba ya ce Odeku, a Badun. Kunya ta kama ni. A Sabo na tashi. Asibitin UCH daga unguwarmu tafiyar ƙafa ce, ka bi ta Mokola ka isa. Na wuce ƙofarsa ba adadi, na je dubiya ba adadi, amma ban taɓa jin wannan suna ba sai a Abuja, garin da ko a takarda ba a kafa shi ba lokacin da mutumin ya bar duniya.

Cikakken sunansa Emanuel Olatunde Alaba Olanrewaju Odeku, amma a takardu E. Latunde Odeku yake rubutawa, kuma da haka duniya ta san shi. An haife shi ranar 29 ga Yuni, 1927. Mahaifinsa mutumin Awe ne, wani gari da ke jikin Oyo, mahaifiyarsa kuwa 'yar Ikko ce, kuma a Ikko ya yi ƙuruciya da karatu. Ya yi sakandare a Methodist Boys' High School, tsohuwar makarantar nan da aka kafa tun 1878, wadda Nnamdi Azikiwe ma ya zauna a cikinta shekaru kafin shi. A 1947 ya tafi Amurka.

Wannan zaɓi na Amurka abin lura ne. A wancan zamani yaro mai ƙoƙari da ke son likitanci, Ingila ko Sikotilan yake hange, domin takardar can ita ce mai daraja a idon gwamnatin Turawan mulki. Amurka kuwa a 1947 ƙasa ce da baƙar fata ba ya shiga kowace makaranta, ba ya kwana a kowane masauki, a wasu jihohin ma famfon shan ruwansa daban. Odeku ya sauka a Jami'ar Howard da ke birnin Washinton, wadda aka kafa a 1867 bayan 'yanta bayi, kuma ita ce babbar matattarar baƙaƙen masana a lokacin. Shugaban sashen tiyata na makarantar likitancinta a shekarun da ya isa shi ne Charles Drew, mutumin da ya yi fice wajen tsara yadda ake adana jini don ƙarin jini. Odeku ya gama digirin farko a ilimin halittar dabbobi a 1950 da sakamako mafi girma da jami'ar ke bayarwa, ya zarce makarantar likitanci ya fito likita a 1954.

Daga nan ya tafi asibitin Jami'ar Mishigan da ke garin Ann Arbor don shekarar horon farko. A can ne ya haɗu da mutumin da ya juya masa rayuwa, wato Edgar Kahn, shugaban sashen tiyatar ƙwaƙwalwa. Kahn ya ga hannun yaron da natsuwarsa, ya yi masa tayin ya zauna ya koyi wannan fanni. Amma kafin ya fara sai da ya ci jarrabawar lasisin likitanci ta Kanada, wadda ta fi saurin karɓuwa a ƙasashen rainon Ingila, ya dawo gida ya yi kimanin shekara guda yana aiki a Babban Asibitin Ikko. Ni a ganina wannan shekara ɗaya ita ce ta ɗaure shi da gida. Ya ga abin da ake kawowa asibiti, ya ga abin da ake sallama a ce sai dai addu'a, alhali ya san a inda ya fito ana buɗe kai a cire shi.

Ya koma Mishigan a 1956, ya yi shekara huɗu ƙarƙashin Kahn har 1960. Bai tsaya nan ba. Ya je cibiyar binciken cututtuka ta sojojin Amurka a Washinton ya koyi yadda ake gane ciwon ƙwaƙwalwa da laka ta hanyar duba tsokar a madubin likita, wurin Webb Haymaker. Sannan ya je asibitin yara na Filadelfiya wurin Eugene Spitz ya koyi tiyatar ƙwaƙwalwar jarirai.

Bari in ɗan tsaya a kan Filadelfiya, don abin ya shafi gidajenmu kai tsaye. Duk wanda ya zauna a zango ya taɓa ganin jaririn da kansa ke ta girma fiye da jiki, maɗiga ta kumbura ta yi tauri, jijiyoyi sun fito raɗa-raɗa a fatar kai, idanu sun koma ƙasa kamar rana za ta faɗi. Mutanenmu kan ce iska ce, ko an yi wa uwar baki, ko ta yi wanka da dare da ciki. Abin da ke faruwa shi ne, a cikin ƙwaƙwalwar kowa akwai wasu ramuka da ke samar da wani ruwa garai-garai, kusan rabin lita a kowace rana ga babban mutum. Ruwan yana zagaya ƙwaƙwalwa da laka, jini ya shanye shi, a sake yin sabo. Idan hanyar ta toshe, ko tun daga halitta ko bayan sanƙarau ko wata cuta da ta kama jariri a kwanakin farko, ruwan ba ya daina zuwa, kuma ba shi da mafita. Ƙasusuwan kan jariri ba su gama haɗewa ba, sai kan ya yi ta buɗewa, ƙwaƙwalwa tana matsewa a jikin ƙashi. A 1956, a wannan asibiti na Filadelfiya, wani makanike mai suna John Holter, wanda aka haifa masa ɗa da wannan lalura, ya zauna ya ƙera wani ɗan bawul na roba mai barin ruwa ya fita ba ya komowa, suka yi aiki da shi tare da Spitz. Ana saka siririn tiyo daga cikin kai, a bi da shi ƙarƙashin fata, ruwan ya rinƙa tsiyaya. A wancan lokaci galibi jijiyar da ke shiga zuciya ake kai shi, yanzu kuwa an fi kai shi cikin ciki. Wato Odeku ya koyi aikin ne a hannun waɗanda suka fito da shi, ƙasa da shekara biyar bayan fitowarsa.

A 1961 ya ci jarrabawar hukumar ƙwararrun likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa ta Amurka. Baƙar fata ɗaya ne kawai ya riga shi samun wannan shaida, Clarence Greene a 1953, shi kuwa a Kanada ya yi horonsa. Saboda haka Odeku ne baƙar fata na farko da ya koyi fannin a cikin Amurka kanta har ya ƙware. Howard ta ɗauke shi malami. Shekarunsa 34, ga aiki, ga suna, ga ƙofofin da suka fara buɗewa. Kuma fa fannin da ya riƙe yana cikin waɗanda suka fi kawo kuɗi a likitancin Amurka, jiya da yau.

A 1962 ya tattara ya dawo Badun.

Yanzu da muke cikin zamanin da likita ke gama karatu da kuɗin ƙasa ya nemi biza tun kafin tawadar takardarsa ta bushe, mutum zai so ya ɗauki Odeku ya doki na yau da shi. Ni ba zan yi haka ba, don Najeriyar 1962 daban take. Shekara biyu da samun 'yanci, fam ɗinmu daidai yake da na Ingila, asibitin UCH sabo ne fil, an buɗe shi a 1957, kuma a shekarar da ya dawo ce Kwalejin Badun ta zama cikakkiyar jami'a mai cin gashin kanta. Malamin jami'a mutum ne mai daraja, da gida da mota. Duk da haka kada a rage masa. Sashen da zai yi aiki a ciki babu shi, shi zai kafa. Kayan aikin ma da kuɗin aljihunsa ya sayo da yawa daga cikinsu a Amurka ya taho da su. Ƙidayar 1963 ta ce mutanen Najeriya sun haura miliyan 55, kuma a shekarunsa na farko shi kaɗai ne ƙwararre a wannan fanni a duk faɗin ƙasar. Kafin zuwansa likitocin tiyata na gama-gari ne ke ɗan huda ƙoƙon kai idan ta kama dole, a yi abin da za a iya.

Wani abin sha'awa, a daidai wannan lokaci, 1962 zuwa 1963, akwai wani masanin halayyar al'umma mai suna Abner Cohen da ke zaune yana nazarin Hausawan Sabo, cinikin goro da na shanu da yadda masu gida ke riƙe da baƙi, wanda daga baya ya fitar da littafi a kai a 1969. Wato yayin da ake rubuta tarihin kakanninmu a wannan gefen Mokola, a ɗaya gefen ana kafa sashen tiyatar ƙwaƙwalwa na farko a ƙasar. Sabo tun 1916 take, ta girmi asibitin da shekara arba'in da ɗaya.

Sai mutum ya san yadda ake aikin a wancan zamani kafin ya gane nauyin abin da ya ɗauka. Ɗan yayata minti kaɗan ya yi a cikin na'urar CT aka ga jinin ƙuru-ƙuru, girmansa da inda yake. A zamanin Odeku babu wannan. Na'urar CT ta farko a duniya sai a 1971 aka gwada ta a kan majiyyaci a Landan, kuma ba ta iso Najeriya ba sai 1987, a UCH ɗin dai, shekara 13 bayan rasuwarsa. Abin da yake da shi shi ne idonsa, da 'yar guduma ta gwada gwiwa, da tocila, da allura ta tsikara fata. Ya sa majiyyaci ya yi tafiya, ya ɗaga hannu, ya bi yatsa da ido, ya leƙa cikin ƙwayar ido ya ga ko jijiyar gani ta kumbura. Daga nan ya lissafa a ransa cewa ciwon yana ɓangaren hagu ne, ta gaba ko ta baya, sama ko ƙasa. Idan yana son tabbaci, sai a ɗura wani ruwa a babbar jijiyar wuya a ɗauki hoton ƙashi a ga ko wani abu ya ture jijiyoyin jini daga mazauninsu, dabarar da wani likitan Fotugal, Egas Moniz, ya fito da ita a 1927, shekarar da aka haifi Odeku. Ko kuma a hura iska cikin ramukan ƙwaƙwalwa a ɗauki hoto, aikin da ke sa majiyyaci ciwon kai na fitar hankali. Bayan duk wannan sai a buɗe, kuma da hannu ake murza abin huda ƙashin.

Me ake kawo masa? Da farko dai raunin kai, daga haɗarin mota da faɗowa daga itace ko bene. Sai jarirai masu ruwa a kai, da waɗanda aka haifa da ƙullutu a gadon baya inda ƙashin bai rufe laka ba, da waɗanda wani ɓangare na ƙwaƙwalwa ya ɓullo ta ƙeya ko ta tsakanin idanu. Ya yi rubutu mai yawa a kan waɗannan yara na Yammacin Najeriya. Sai masu shanyewar ƙafafu saboda tarin fuka ya ci ƙashin baya ya danne laka, lalurar da har gobe ake kai wa masu ɗori suna ja suna murzawa. Sai mugunya da ta taru a cikin ƙwaƙwalwa, sau da yawa daga ciwon kunne da aka bari yana zubar da ruwa shekara da shekaru. Sai ƙari.

A kan ƙarin ƙwaƙwalwa ne ya yi wani aiki da nake ganin ya fi kowanne tasiri a wajen ƙasar. Likitocin Turai da suka yi aiki a Afirka sun daɗe suna rubuta cewa wannan ciwo da wuya ake samunsa a jikin baƙar fata. Magana ce da aka yi ta maimaitawa har ta zauna kamar gaskiya. Odeku da abokan aikinsa suka bi hanyar da ta fi sauƙi kuma ta fi wahala: suka rinƙa rubuta kowane majiyyaci, irin ƙarin da aka ciro, shekarunsa, inda ya tsiro, shekara bayan shekara, suna bugawa a mujallun likitanci. Da lissafin ya taru sai ta bayyana cewa ciwon yana nan, mai gano shi ne babu. Mutum ya yi ta ciwon kai, ido ya dushe, hali ya canja, ya fara farfaɗiya da girmansa, a ce aljanu ne ko sammu, ya mutu a gida ba wanda ya rubuta komai. Tare da Benjamin Osuntokun, masanin cututtukan jijiya na Badun, sun yi irin wannan nazari a kan farfaɗiya da shanyewar ɓarin jiki a tsakanin 'yan Najeriya.

Ya zama farfesa a 1965, yana ɗan shekara 38. A ƙarshen 1967 ya samu abokin aiki, Adelola Adeloye, wanda ya dawo daga horo a Ingila. Zuwan Adeloye ya zo daidai da yaƙin basasa, 1967 zuwa 1970, lokacin da aka rinƙa kawo sojojin da harsashi ko ɓaraguzan bam suka sama a kai zuwa Badun. Duk wanda ya san waɗanda suka cika rundunar tarayya a wancan yaƙi ya san akwai 'yan Arewa da yawa a cikinsu. Su biyun sun yi nazari na musamman a kan harsashin da ke gogar ƙoƙon kai ya wuce bai shiga ba. A ido rauni ne ƙarami, sai a ɗinke fata a ce soja ya auna arziki, alhali girgizar ta farfasa ƙashi ta ciki ta ƙuje ƙwaƙwalwa. Sun nuna cewa idan irin wannan ya samu tsakiyar kai, ƙafafu ne ke shanyewa, domin wurin da ke sarrafa ƙafa yana daidai nan ne.

Wannan darasi na raunin da ba ya nuna kansa shi ne dai na ɗan yayata, kuma shi ne na duk ɗan acaɓa da ɗan dako da direban tirela da ke karanta wannan shafi. Ƙashin gefen kai, saman kunne, siriri ne, kuma akwai jijiyar jini da ke manne da shi ta ciki. Idan ya tsage ya yanke ta, mutum na iya tashi garau ya yi awa biyu ko uku yana magana, jini yana taruwa a hankali. Alamomin da ba a jira da su: amai bayan buguwar kai, barcin da ba a iya tayar da mutum sosai, ciwon kai mai ƙaruwa, ruɗewar magana, ƙwayar ido ɗaya ta fi ɗaya buɗewa, hannu ko ƙafa ta yi nauyi, jijjiga, ko ruwa ko jini na fita ta kunne ko hanci. Wanda ya bugu a kai kada a bar shi ya kwana shi kaɗai a ɗaki, kada a ba shi maganin barci, kada a kai shi wurin wanzami a yi masa ƙaho a kan kumburin. Idan kuma yana kukan wuya ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, kada a naɗe shi a cusa a Keke, a samu katako ko ƙofa a kwantar da shi a miƙe, wani ya riƙe kan kada ya juya. Ga tsofaffi kuwa akwai wani nau'in da ke ɗaukar makonni: dattijo ya ɗan bugu da bakin ƙofa, an manta, bayan wata guda ya fara mantuwa da jan ƙafa, a ce tsufa ne ko an yi masa asiri, alhali tsohon jini ne da ƙaramar huda ke fitarwa. Hular kwano dai kun san zancenta, ba sai na maimaita ba.

A 1971 Adeloye da Odeku suka wallafa bayanin wani ƙullutu da ake haifar wasu jarirai da shi daidai kan maɗiga. Iyaye, har da wasu likitoci, kan tsorata su ɗauka ƙwaƙwalwa ce ta fito. Suka nuna cewa wata 'yar jaka ce mai ruwa a ƙarƙashin fatar kai, ba ta da hanya zuwa ciki, ana cire ta yaro ya warke sarai. Har yau a littattafan likitanci na duniya ana kiran wannan lalura da sunansu su biyu, cutar Adeloye-Odeku. Ba kasafai ake samun cuta mai ɗauke da sunan 'yan Najeriya ba.

Bayan ɗakin tiyata ya riƙe shugabancin tsangayar likitanci ta Jami'ar Badun daga 1968 zuwa 1970, tsakiyar yaƙi, lokacin da malamai da ɗalibai 'yan Gabas suka watse. Yana cikin waɗanda suka dage cewa dole a rinƙa horar da ƙwararrun likitoci a cikin gida maimakon kowa sai ya je Ingila, tunanin da ya haifar da kwalejojin ƙwarewa na Najeriya da na Afirka ta Yamma, waɗanda ta hannunsu mafi yawan likitocin tiyatarmu na yau suka fito. Yana kuma cikin waɗanda suka assasa ƙungiyar masana ƙwaƙwalwa da jijiya ta nahiyar Afirka a 1972. Kuma abin da zai ba ku mamaki, mawaƙi ne. Ya buga littattafan waƙoƙi biyu da Turanci a shekarun 1960. Yadda mutumin da ke tsayuwar awa shida a kan buɗaɗɗen kai yake samun sararin rubuta waƙa, wannan kam sai shi.

Ciwon suga ne ya ci ƙarfinsa. Likitan da ya ceto ɗaruruwa bai samu tsawon rai ba. A shekarunsa na ƙarshe jikin ya yi ta ja da baya, aka kai shi Landan, ya rasu a asibitin Hammersmith ranar 20 ga Agusta, 1974, yana da shekara 47. An binne shi a garin Burnham a Ingila. Duka-duka shekara 12 ya yi yana aiki a Badun. Adeloye ne ya ci gaba da riƙe sashen, shi ne kuma ya rubuta littafin tarihinsa, ya rayu har 2021.

Shekara ɗaya da rabi bayan rasuwar Odeku, ranar 3 ga Fabrairu, 1976, Janar Murtala Muhammad ya sanar da kafa sabon babban birni. Gwamnati ta tare a Abuja ranar 12 ga Disamba, 1991, aka buɗe Asibitin Ƙasa a 1999. Yau ana tiyatar ƙwaƙwalwa da laka a can, ana yi a asibitin koyarwa na Gwagwalada, ana yi a wasu asibitoci masu zaman kansu a birnin. Hanyoyin Kaduna da Lokoja da Keffi kuwa kullum suna aiko musu da aiki. A Arewa, Sakkwato ce ta yi fice da cibiyar da Farfesa Bello Bala Shehu ya jagoranci kafawa a asibitin koyarwa na Usmanu Danfodiyo, wadda ta horar da likitoci da dama, shi ma daga baya ya shugabanci Asibitin Ƙasa a Abuja. Ana yi a Shika ta Zariya, ana yi a asibitin Malam Aminu Kano. Ku da ke Kudu kuma kuna da UCH, da LUTH a Idi-Araba, wadda take a tsakiyar unguwar Hausawa, da LASUTH a Ikeja, da asibitocin koyarwa na Inugu da Benin da Fatakwal. Har yanzu likitocin ba su kai ko kusa da yawan da ake buƙata ba, ga kuɗin hoto da na tiyata da ke karya talaka. Kuɗin aikin ɗan yayata sai da ƙungiyarsu ta 'yan acaɓa ta yi karo-karo, aka kuma sayar da tumaki biyu a gida.

Mata masu shirin ɗaukar ciki, ga wani abu da ba a tabbatar ba sai bayan zamanin Odeku. Ƙashin baya da lakar jariri suna rufewa ne a cikin kwana 28 na farkon ciki, tun mace ba ta ma san tana da shi ba. Wani babban bincike da aka fitar a Ingila a 1991 ya nuna cewa ƙwayar folik asid, 'yar ƙaramar rawayan nan da ake bayarwa a awo, tana rage haihuwar yara masu buɗaɗɗen baya ƙwarai idan an fara sha kafin shigar cikin. Tana cikin magunguna mafi araha a kowane kemis.

Da na je Badun bikin wani ɗan uwa kwanakin baya, na ratsa ta UCH da gangan. Ɗakin karatu na kwalejin likitanci sunansa yake ɗauke da shi, E. Latunde Odeku, rubuce a jikin ginin, kuma ana shirya lacca ta tunawa da shi. Na tsaya na karanta sunan, ɗalibai sanye da fararen riguna suna ta shiga da fita, sannan na tari Micra zuwa Mokola, na ƙarasa Sabo da ƙafa.